Angkor: Kwana uku a kangon birnin sarakunan Khmer

Da misalin ƙarfe huɗu da rabi na asuba, titin da ya tashi daga garin Siem Reap ya nufi arewa yakan cika da fitilun babura. Kowane babur yana jan wata 'yar amalanke mai rumfa da kujeru, ɗauke da baƙi daga sassan duniya, wasu na gyangyaɗi, wasu na rungume da kyamara. Tafiyar ba ta wuce kilomita shida ba. A shingen bincike ma'aikaci zai duba tikiti, sannan ya ba da hanya. Ƙarfe biyar ake buɗe ƙofar Angkor Wat, kuma kafin gari ya waye ɗaruruwan mutane sun yi cincirindo a bakin wani kududdufi da ke gaban ginin, suna jiran alfijir ya fito da hasumiyoyi biyar daga cikin duhu.

Wannan gini shi ne wanda ke tsakiyar tutar Kambodiya, kuma ana lissafa shi a matsayin ginin ibada mafi girma a doron ƙasa. Sai dai ɗaya ne kawai daga cikin gine-gine masu ɗimbin yawa da ke warwatse a wani yanki mai faɗin murabba'in kilomita 400. Yankin kango ne na babban birnin daular Khmer, wadda daga ƙarni na 9 zuwa na 15 ta mulki babban ɓangare na ƙasashen da ake kira Kambodiya da Tailan da Laos da kudancin Biyetnam a yau. Hukumar UNESCO ta sanya wurin a jerin kayan tarihin duniya a 1992. A 2019, kafin annobar korona, baƙi 'yan ƙasashen waje kimanin miliyan 2.2 ne suka sayi tikitin shiga. A 2024 adadin ya ɗan haura miliyan ɗaya. Kuɗin da ke shigowa ta wannan ƙofa, da ruwan da ke ƙarƙashin gine-ginen, da makomar ƙauyukan da ke zaune a tsakaninsu, su ne abubuwan da hukumomin ƙasar ke fama da su, kuma mai ziyara zai ci karo da kowannensu ko bai nema ba.

Tikiti da ƙa'idoji

Ana sayen tikiti a ofishin hukumar Angkor Enterprise da ke gefen gari, ko ta intanet. Farashin da aka sanya tun watan Fabrairun 2017 shi ne dala 37 na yini ɗaya, dala 62 na kwana uku, dala 72 na kwana bakwai. Ba a aron tikitin, ba a sayar wa wani. 'Yan ƙasa suna shiga kyauta, haka nan yaran baƙi waɗanda ba su kai shekara 12 ba.

Shekaru da dama wani kamfani mai zaman kansa ne ke karɓar kuɗin a madadin gwamnati, kuma 'yan adawa sun daɗe suna ƙorafi a kan yawan abin da ke isa baitulmali. A farkon 2016 gwamnati ta karɓe aikin ta damƙa wa Angkor Enterprise, wadda ke bayyana alƙaluman baƙi da na kuɗin shiga wata-wata. Daga kowane tikiti ana ware dala biyu domin asibitocin Kantha Bopha, inda ake yi wa yara magani kyauta. Kula da gine-ginen kuwa aikin wata hukuma ce dabam, APSARA, wadda aka kafa a 1995.

Tun 2016 aka tsaurara dokar sutura: dole tufafi su rufe kafaɗu da gwiwoyi, mace ce ko namiji. An hana taɓa sassaƙen da ke jikin bango, da hawa kan duwatsun da suka zube, da shan taba. Malaman addinin Buda masu mayafi ruwan goro suna kai da kawowa a wurin, kuma sai da izininsu ake ɗaukarsu hoto. An kuma roƙi baƙi su daina ba yara kuɗi ko alewa, domin hakan na janye su daga makaranta. Hawan giwa, wanda a da yake cikin abubuwan nishaɗin wurin, an daina shi bayan matsin lambar masu kare haƙƙin dabbobi.

Ginin Suryavarman

Sarki Suryavarman na Biyu, wanda ya hau gadon sarauta a 1113, shi ya sa aka gina Angkor Wat domin Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu. Aikin ya ɗauki kimanin shekara 30. A daidai wannan zamani ne, bisa kundin tarihin sarakunan Kano, Sarki Gijimasu ya soma gina ganuwar birni, wato badala da Angkor Wat kusan sa'annin juna ne.

Abu na farko da baƙo zai tarar shi ne gwalalo, wani tafkeken rami mai cike da ruwa da ya kewaye ginin. Faɗinsa mita 190, zagayensa ya haura kilomita biyar. Daga nan sai ƙofar yamma, sai doguwar hanyar dutse mai mita 350, sannan ginin kansa, hawa uku, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, har zuwa hasumiyar tsakiya mai tsayin mita 65. An zana shi ne a kan surar duniya kamar yadda take a aƙidar Hindu. Hasumiyoyin biyar su ne ƙololuwar Dutsen Meru, gwalalon kuwa shi ne tekun da ya kewaye duniya. Yawancin haikalan Khmer gabas suke kallo, amma wannan yamma ya fuskanta. Wasu masana sun ce domin yamma ce nahiyar Vishnu, wasu kuma sun ce domin ita ce nahiyar mutuwa, kuma sarkin ya yi nufin ginin ya zama makwancinsa. Sau biyu a shekara, a Maris da Satumba, lokacin da tsawon dare da na rana ke daidaita, rana tana ɓullowa daidai kan hasumiyar tsakiya.

Harsashi da katangar waje na marmara ne, irin jan dutsen nan da aka sani a ƙasar Hausa. Abin da ido ke gani kuwa wani dutsen yashi ne mai daɗin sassaƙa, wanda aka faso daga gindin Dutsen Kulen, nisan kusan kilomita 40, kuma bincike ya nuna ta hanyoyin ruwa aka riƙa kawo shi. Ba a sa komai tsakanin duwatsun don ya riƙe su ba. Goge su aka yi har suka zauna wa juna daram.

A hawa na farko bango ne mai tsawon ɗaruruwan mitoci, cike da sassaƙe. Wanda ya fi shahara yana gefen gabas, tsawonsa mita 49: rundunar alloli a gefe guda, ta aljanu a ɗaya gefen, suna jan wani ƙaton maciji kamar igiya domin su kaɗa tekun madara, kamar yadda ake kaɗa nono a fitar da mai. A gefen kudu ga sarkin kansa zaune a kan karaga, fadawa na riƙe masa da laima, sai kuma hoton azabobin lahira kamar yadda suka yi imani da su. Akwai siffofin mata sama da 1,700 a faɗin ginin, da kitso da ado iri-iri. Hawa na sama kuwa matakalarsa a miƙe take har sai da aka kafa ta katako mai abin riƙewa. Ana ƙayyade yawan masu hawa a lokaci guda, kuma ana rufe shi a ranakun ibadar Buda.

Daga baya ginin ya koma hannun mabiya Buda, kuma ba a taɓa barinsa babu kowa ba. Wani malamin Kirista ɗan Fotugal, António da Madalena, ya ziyarce shi a 1586, sannan wani Bajapane ya bar rubutun tawada a jikin ginshiƙi a 1632. Saboda haka maganar da ake yawan yi cewa Bafaranshe Henri Mouhot ne ya gano shi a 1860 ba ta da tushe. Abin da ya yi shi ne ya rubuta labarin da ya sa Turai ta waiwayo.

Birnin fuskoki

A 1177 mutanen Cham, daga gaɓar tekun Biyetnam ta yau, suka biyo ruwa suka ci Angkor da yaƙi. Wanda ya kore su, Jayavarman na Bakwai, ya hau mulki a 1181, kuma babu sarkin Khmer da ya kai shi gine-gine. Ya gina sabon birni, Angkor Thom, mai kusurwa huɗu, kowane gefe kilomita uku, da ganuwa mai tsayin mita takwas da ƙofofi biyar. A gadar ƙofar kudu gumaka 54 ne a jere a hannun hagu, 54 a hannun dama, kowane jeri na riƙe da maciji. Rubuce-rubucen zamaninsa sun lissafa asibitoci 102 da masaukan matafiya 121 a kan hanyoyin daular.

A tsakiyar birnin Bayon yake, haikalin da ke da manyan fuskokin dutse sama da 200, kowace hasumiya tana kallon nahiyoyi huɗu da murmushi iri ɗaya. Baƙi kan ɓata lokacinsu a sama wajen ɗaukar hoto, alhali bangon ƙasa ya fi ba da labari. Can ne masassaƙa suka bar rayuwar talaka: mata na ciniki a kasuwa, maza na caca a kan faɗan zakaru, ana gasa nama, ana kamun kifi, wata mace na naƙuda. Amalanken shanun da aka sassaƙa ba ta da wani bambanci da wadda ake gani a ƙauyukan yankin har yanzu.

A bangon nan kuma akwai yaƙin jiragen ruwa tsakanin Khmer da Cham, har da kadoji na cafke waɗanda suka faɗa ruwa. Ƙarnoni bayan haka Musulunci ya shiga cikin Cham, kuma jikokinsu su ne mafi yawan Musulmin Kambodiya a yau. Sun ɗanɗana kuɗarsu a mulkin Khmer Rouge daga 1975 zuwa 1979, lokacin da aka rushe masallatai aka kashe malamai. A Nuwamban 2018 kotun musamman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta sami Nuon Chea, mutum na biyu a wannan mulki, da laifin kisan ƙare dangi a kansu.

Yadda birnin yake sa'ad da yake raye, mutum ɗaya ne ya bar cikakkiyar shaidar gani da ido. Zhou Daguan, wani jami'in tawagar jakadancin Sin, ya iso a 1296 ya zauna kusan shekara guda. Ya rubuta cewa mata ne ke riƙe da kasuwa, kuma ana girbin shinkafa sau uku ko huɗu a shekara. Rahoton ƙaramin ma'aikaci ne da ya raka manya aiki, amma yau kusan duk mai rubutu a kan rayuwar Angkor daga gare shi yake ɗiba.

Saiwa a kan dutse

Ta Prohm, wanda Jayavarman na Bakwai ya keɓe domin mahaifiyarsa a 1186, shi ne wanda masu gyara suka bari kusan yadda aka same shi. Manyan itatuwa masu kama da rimi da wasu dangin ɓaure sun tsiro a kan rufi, saiwoyinsu sun zubo a kan bango kamar narkakken ƙarfe. A wasu wuraren saiwar ce ke tsaga ginin, a wasu kuma ita ce ke riƙe da shi, don haka sare itace ɗaya kan zama shawarar da injiniyoyi ke daɗewa suna tattaunawa. Rubutun dutsen da ke wurin ya nuna mutum sama da 12,500 ne ke zaune suna yi wa haikalin hidima, sannan wasu kusan 80,000 a ƙauyuka sama da 3,000 suna ciyar da shi. Fim ɗin Tomb Raider na 2001 ya ƙara masa suna, shi ya sa da hantsi sai an bi layi kafin a ɗauki hoto a gindin wasu itatuwan.

Wanda ke da tikitin kwana uku bai kamata ya tsallake Banteay Srei ba, kimanin kilomita 25 arewa maso gabas da manyan haikalan. Ƙarami ne, na jan dutse, sassaƙensa kamar aikin allura, kuma an keɓe shi domin ibada a 967. Wanda ya gina shi, Yajnavaraha, mai ba sarki shawara ne. A 1923 wani matashin marubuci Bafaranshe, André Malraux, ya ɓalle wasu gumaka daga jikinsa da nufin sayarwa, aka kama shi a Phnom Penh aka ƙwace kayan. Shi ne daga baya ya zama ministan al'adu na Faransa, daga 1959 zuwa 1969.

Ruwan da ya raya birnin

Angkor tana kusan layi ɗaya da Sakkwato a taswirar duniya, kuma shekararta kashi biyu ce: damina mai ƙarfi daga Mayu zuwa Oktoba, sai rani. Abin da sarakunan suka ƙware a kai shi ne tara ruwan damina domin amfanin rani. Tafkin Baray na Yamma, wanda aka haƙa a ƙarni na 11, tsawonsa kilomita takwas, faɗinsa ya ɗan haura biyu, kuma har yanzu yana riƙe ruwa. Magudanai da madatsu suka haɗa tafkunan da koguna, daga Dutsen Kulen har zuwa tafkin Tonle Sap, wanda da damina kan kumbura ya ninka girmansa sau da yawa domin kogin da ke fita daga cikinsa yakan juya da baya.

A 2007 masu bincike daga Jami'ar Sydney tare da takwarorinsu na Faransa da Kambodiya suka fitar da taswirar da ta nuna birnin ya mamaye kusan murabba'in kilomita 1,000. A 2012 aka ɗaura na'urar hasken leza a jikin helikwafta, ta ratsa ganyen daji ta bayyana tituna da kududdufai da tudun gidaje. Wani nazari na 2021 ya ƙiyasta mazauna birnin a ƙarni na 13 tsakanin 700,000 da 900,000.

An saba cewa harin masarautar Ayutthaya ta Tailan a 1431 ne ya kawo ƙarshen Angkor. Amma zobban da ke cikin gindin tsofaffin itatuwan yankin sun nuna an yi dogon fari a ƙarni na 14 da farkon na 15, wanda damina mai ambaliya ta riƙa katsewa. Fari ya ƙafar da tafkuna, ambaliya ta fasa madatsu ta cika magudanai da yashi. Tsarin ya yi girman da gyaransa ya fi ƙarfin masarauta, ga kuma cinikin teku da ke jan manya zuwa kudu, wajen Phnom Penh. Sannu a hankali fada ta tashi, jama'a suka watse.

Matsalar ruwa ba ta ƙare ba. Gine-ginen suna zaune ne a kan yashi, kuma damshin da ke cikinsa shi ke ba shi ƙarfin ɗaukar nauyi. Otal-otal da gidajen Siem Reap sun daɗe suna zuƙar ruwan ƙasa ta rijiyoyin burtsatse, masana kuma sun yi gargaɗin cewa idan ruwan ya yi ƙasa sosai harsashi zai motsa. Shi ya sa APSARA ta farfaɗo da wasu tsofaffin magudanai, ta sake cika tafkin Baray na Arewa, aka kuma soma jawo wa gari ruwan sha daga Tonle Sap.

Duwatsu 300,000 babu takarda

Cikin Angkor Thom akwai Baphuon, haikalin ƙarni na 11 wanda labarinsa ya shafi duk wanda ya taɓa riƙe fayil. A shekarun 1960 masu gyara na Faransa suka ga yana neman ruftawa, sai suka yanke shawarar warware shi dutse bayan dutse, su ƙarfafa cikinsa, su mayar. Aka sauke duwatsu kusan 300,000, aka sa wa kowanne lamba, aka shimfiɗa su a dajin da ke kewaye. Yaƙin basasa ya tsayar da aikin, kuma a zamanin Khmer Rouge takardun da ke bayyana ma'anar lambobin suka salwanta. Da aka koma aiki a 1995, sai da aka riƙa gwada kowane dutse da ɗan'uwansa, tare da taimakon tsofaffin leburorin da suka tsira. Ba a gama ba sai 2011.

Su kansu Khmer na da haka ta same su. A ganyen giginya da fata suke rubuta al'amuran mulki, kuma zafi da damshi da gara sun cinye su duka. Fadar sarki da gidajen jama'a na katako ne, sun ruɓe. Abin da ya rage shi ne rubutun da aka sassaƙa a dutse, sama da 1,000, cikin Sanskrit da tsohon harshen Khmer.

Bayan yaƙi, a 1993, aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa ƙarƙashin shugabancin Faransa da Japan domin daidaita ayyukan gyara. Japan ta ɗauki Bayon, Indiya ta ɗauki Ta Prohm, Sin ta ɗauki Ta Keo, Jamusawa suka duƙufa a kan sassaƙen Angkor Wat. Aka tone nakiyoyin da aka binne, aka kafa 'yan sandan kare kayan tarihi. A 2004 UNESCO ta cire Angkor daga jerin wuraren da ke cikin haɗari.

Gumakan da ba su da kai

Baƙo zai lura da yawan gumakan da aka sare wa kai, da dandamalin da ƙafafu kaɗai suka rage a kansu. Yawancin wannan ɓarna ta faru ne a shekarun yaƙi, lokacin da ake fasa haikalai ana tsallakar da kaya ta iyakar Tailan zuwa kasuwannin Turai da Amurka. A 2019 masu gabatar da ƙara a New York suka tuhumi Douglas Latchford, wani dillalin kayan tarihi ɗan Birtaniya, da safarar kayan sata. Ya mutu a 2020 kafin a yi shari'a, iyalinsa kuma suka amince su mayar da tarin kayan da ya bari. A Disamban 2023 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya sanar da mayar wa Kambodiya kaya 14.

Najeriya ta san irin wannan fafutuka. A Disamban 2022 ministar harkokin wajen Jamus ta zo Abuja ta miƙa kashin farko na kayan tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Abin da ya taimaki Kambodiya shi ne aikin haƙuri: lauyoyi da masana sun bi tsofaffin ɓarayin da suka tuba, sun tono gindin gumaka a inda aka sare su, sun nuna karayar ta yi daidai da ta gunkin da ke ajiye a ƙasar waje.

Shiri daga Najeriya

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye. Akan bi ta Addis Ababa ko Doha ko Dubai zuwa Bangkok ko Singafo ko Kuala Lumpur, sannan a ƙarasa. Sabon filin jirgin Siem Reap, wanda aka buɗe a Oktoban 2023, yana da nisan sama da kilomita 40 daga gari, kuma ɗaya daga dalilan nesanta shi shi ne kare gine-ginen daga girgizar jirage. Agogon Kambodiya yana gaban na Najeriya da awa shida. Mai fasfon Najeriya ya kammala maganar biza tun kafin ya sayi tikitin jirgi, ya riƙe shaidar masauki da ta komawa. Ya kuma yi hattara da masu tallan aikin kwamfuta mai albashi mai tsoka a ƙasar: rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum kusan 100,000 ne ake tsare da su a Kambodiya ana tilasta musu damfara ta intanet. Haikalan da ke kan iyakar Tailan, irin su Preah Vihear, an yi musayar wuta a kewayensu a 2025, don haka a bincika halin tsaro kafin a nufe su.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. A Afrilu zafi kan kusanci digiri 40, ga gumi. Dalar Amurka tana yawo tare da kuɗin ƙasar, riel, wanda kusan 4,000 ke daidai da dala ɗaya, kuma 'yan kasuwa kan ƙi karɓar takardar dalar da ta yage. Ƙaramin zagaye, wanda ya haɗa Angkor Wat da Angkor Thom da Ta Prohm, kimanin kilomita 17 ne, babban kuwa 26. Masu hikima kan fita da asuba, su koma masauki da azahar, su sake fitowa da la'asar.

A cikin garin akwai unguwar Musulmi mai masallaci da gidajen abincin halal. A wasu kusurwoyin haikalan tsofaffi kan miƙa wa baƙo turaren tsinke ya kunna a gaban gunki, ko su nemi ɗaura masa jan zare a hannu. Babu wanda ake tilasta wa, kuma murmushi da ɗan sunkuyar da kai sun isa a wuce lafiya.

Mutanen da ke zaune a ciki

Mutum sama da 100,000 ne ke zaune a ƙauyuka fiye da 100 cikin yankin da aka keɓe, wasunsu tun kaka da kakanni. Su ne masu noman shinkafa a gefen hanya, da masu dafa sukarin giginya, da matan da ke sayar da ruwan kwakwa a bakin haikali. Daga ƙarshen 2022 gwamnati ta soma kwashe iyalai kusan 10,000 zuwa sababbin matsugunai, mafi girmansu Run Ta Ek, wanda ke da nisan fiye da kilomita 20. An ba kowane gida fili da kwanon rufi da ɗan kuɗi da shinkafa.

Gwamnati ta ce waɗanda aka tasa sun yi gini ne ba bisa ƙa'ida ba, da yardarsu suka tashi, kuma barinsu zai iya sa wurin ya rasa matsayinsa a jerin UNESCO. Ƙungiyar Amnesty International, a rahotonta na Nuwamban 2023, ta ce da barazana aka tashi da yawansu, kuma sun isa sabon wurin babu gida, babu isasshen ruwa, babu ciniki, har wasu suka ci bashi domin yin gini. UNESCO ta ce ba ta taɓa neman a kori kowa ba, ta kuma buƙaci Kambodiya ta yi bayani. Mazaunin Abuja ba zai ji wannan a matsayin baƙon labari ba, domin tun da aka ƙirƙiri babban birnin tarayya a 1976 ake ta ja-in-ja a kan sake tsugunar da 'yan asalin yankin da biyansu diyya.

Mai sayar da kwakwa da aka mayar Run Ta Ek yanzu sai ta yi doguwar tafiya kafin ta iso inda masu saye suke. Dala 37 da baƙo ya biya a ofishi ba ta bi ta hannunta. Abin da ke isa gidajen irinsu kai tsaye shi ne ladan direban amalanke, da na ɗan rakiya mai lasisi, da kuɗin abincin da aka ci a rumfunan bakin hanya. Gwamnati ta ce an gina makaranta da asibiti da tituna a sabon garin. Masu kare haƙƙi kuma suna ci gaba da neman a ba waɗanda suka asarar da sana'arsu cikakkiyar diyya, a kuma bar waɗanda suka gaji ƙauyukan su zauna a inda suke.